Tukunyar Indiya da Darasin Girki Ba Nama ga Yammacin Zamfara

Satar shanu da tashin farashi sun sa nama ya yi wuya a gidaje da yawa na Anka, Gummi da Bukkuyum. Uwargida kan sauke miya ba tsoka tana jin kamar ta gaza. Alhali a Indiya miliyoyin mutane, har da attajirai, haka suke ci da ganin damarsu. Binciken cibiyar Pew ta Amurka na 2021 ya nuna kashi 39 cikin 100 na manyan mutanen ƙasar sun ce ba sa cin nama, galibi saboda addini da al'ada. Yawancin mabiya addinin Jain ma ko albasa da tafarnuwa ba sa taɓawa.

Abin lura shi ne kayan girkinsu namu ne. A jihar Rajastan da garin gero suke gasa gurasarsu, a Maharashtara da garin dawa, kamar dai hocen Zamfara. A kudancin ƙasar ana jefa 'ya'yan zogale da tsamiya cikin miyar sambar, mutanen Andara Paradesh kuwa ba su da ganye kamar yakuwa. Indiya ce kan gaba a duniya wajen noman gero, ita ce kuma ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa.

Ƙarfin abincin yana cikin dal, wato wake da danginsa da ake dafawa har su narke. Hatsi yana da ƙarancin wani sinadarin gina jiki mai suna laisin, wake kuma yana da shi a wadace, don haka idan suka haɗu a kwano ɗaya sai su cike giɓin juna. Ɗanɗano kuwa a ƙarshe yake zuwa. Mai girki takan narka man shanu a ƙaramin kasko, ta watsa barkono da tafarnuwa da kayan ƙamshi, da zarar sun fara tsalle sai ta juye a kan miyar, ta rufe tukunya.

Sai dai akwai hattara. Ganye da hatsi ba su da bitamin B12, shi ya sa yawancin Indiyawan da ba sa cin nama ke riƙe da kindirmo, duk da haka ƙarancin jini ya yi yawa a tsakanin mata da yaran ƙasar. A yanki irin yammacin Zamfara da tamowa ke kwantar da yara, wannan gargaɗi ne babba.

Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Iyaye mata, ku sa wake ko daddawa a kowace miya, ku yawaita ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale, ku matsa lemun tsami don jiki ya fi jan sinadarin ƙarfe. Magidanta kuma, in kuɗin nama bai samu ba, kada nono da ƙwai su yanke wa yara.