Yadda A Ke Gyaran Cokalin Tsohon Babur

A unguwarmu ta Ƙofar Na'isa, cikin birnin Kano, akwai wani maƙwabcina da ya gaji tsohon babur Honda daga mahaifinsa. Injinsa lafiya lau, amma ƙafar gaba kullum tana jan hagu, mai kuwa yana tsiyaya har bisa birki. Ran nan ya zo zai karya kwana a bakin ƙofa, kan babur ya ƙi bin hannunsa, sai ga shi a ƙasa. Allah ya kiyaye, gwiwa kaɗai ya kuje. Da muka kai wa makanike, ko injin bai duba ba, ya ce cutar tana cikin cokali. Na zauna kwana biyu ina kallon aikin, ina tambaya. Abin da na gani shi ne zan bayyana maka.

Mene ne cokali?

Cokali shi ne ƙarafan nan biyu da su ka sauko daga wuyan babur su ka riƙe ƙafar gaba. Aikinsa uku ne. Shi ke juya ƙafa inda matuƙi ya nufa, shi ke shanye gargadar hanya, shi ne kuma ke ɗaukar nauyi sa'ad da aka taka birki. Ka ga ashe ran mahayi a kansa ya rataya.

Baburan farko cokalinsu ƙira ce ta sandunan ƙarfe da aka haɗa, da sifirin babba a sama, kusa da fitila. Irinsa ke jikin BSA M20, babur ɗin Ingila da sojoji su ka hau a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1935 kamfanin BMW na Jamus ya fito da R12, wanda cokalinsa bututu ne cikin bututu, da sifirin da mai a ciki. A 1941 kamfanin Matchless na Ingila ya sa irin wannan a babur ɗinsa na soja, bayan yaƙi kuwa sauran maƙera su ka bi sahu. Baburan Japan da su ka cika ƙasar nan daga baya, kamar Honda CG125 da aka fara ƙerawa a 1975, yawancinsu irin wannan cokali gare su, don haka a kansa za mu yi magana.

Ga yadda ya ke aiki. In ƙafa ta faɗa rami, bututun ƙasa ya kan hau bisa na sama, sifirin ya matse. To, sifirin shi kaɗai da sai ya yi ta tsalle kamar ɗan akuya. Man da ke ciki shi ke hana shi, gama tilas ne man ya bi ta waɗansu ƙananan huji, ba shi kuwa iya wucewa da sauri. A bakin bututun ƙasa akwai zoben roba mai tare man kada ya fito.

Alamun ciwo

In ka ga mai ya jiƙa bututu, zoben roba ya mutu. In babur yana dungure kai ƙwarai da ka taɓa birki, ko mai ya ƙare ko sifirin ya gaji. In ka riƙe birkin gaba, ka tura babur gaba da baya, ka ji ƙwas-ƙwas a wuya, boris ya yi sako-sako. In kuwa yana jan gefe ɗaya bisa miƙaƙƙiyar hanya, mai yiwuwa bututu ya tanƙware tun wata tsohuwar faɗuwa.

Kwancewa

Da fari ka sami wuri mai tsabta, ka shimfiɗa buhu ko tabarma, domin yashi shi ne babban abokin gaban cokali. Tun babur yana tsaye bisa ƙafafunsa ka sassauta murfin da ke saman ko wane bututu. Sa'an nan ka tokare ƙarƙashin injin da itace, har ƙafar gaba ta bar ƙasa. Ka cire wayar birki, da ƙafa, da murfin taya. Ka sassauta kusoshin da su ka matse bututu, ka zare shi ta ƙasa.

Yi hankali wajen buɗe murfin sama. Sifirin yana matse a ƙarƙashinsa, in ka saki hannu zai tunkuɗo shi ya same ka a fuska. Ka danne shi har zarensa ya ƙare. Ka juye tsohon mai, ka wanke kome da kananzir, ka jera su bi da bi yadda ka fitar da su. Kayan dama dabam, na hagu dabam.

In za ka kwance wuya, ka tara kwano a ƙasa, gama a tsofaffin babura ƙwayoyin boris a sake su ke, za su watse. Ka ƙidaya na sama, ka ƙidaya na ƙasa, ka rubuta.

Dubawa

Ka mirgina bututun sama bisa gilashi ko wani abu mai shimfiɗa daidai. In ya miƙe zai tafi sumul. In ya tanƙware za ka ga haske yana shiga ta ƙarƙashinsa. Ƙaramar tanƙwara gwanin maƙeri ya kan miƙe ta da injin matsa. Amma bututun da ya yi ƙari ko ya tsage, a yar da shi. Kada ka yarda kowa ya gasa shi a wuta ya buga da guduma, domin wuta ta kan kashe ƙarfin ƙarfen, ya karye ran da ba ka zata ba.

Ka shafa bututu da farce. Inda tsatsa ta ci ta bar rami mai kaifi, nan ne zai yage sabuwar roba cikin kwana kaɗan. Ka jera sifirin biyu gefe da gefe. In ɗaya ya fi ɗaya gajarta, ka sake su duka biyu. Ka duba mazaunin boris, in ƙwayoyi sun yi masa ramuka, shi ma a sake shi.

In za a sa cokalin wani babur

Wani lokaci ba a samun kayan tsohon babur ko an zaga Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, sai a nemi cokalin wani a sa masa. Kada kama ta ruɗe ka, gama kama da wane ba wane ba ne. Ka tafi kasuwa da tsohon a hannunka, ka auna abu biyar: kaurin bututu, da tsawonsa, da tsawon sandar wuya, da kaurin ƙusar da ta ratsa cibiyar ƙafa, da wurin da birki ke kamawa. In cokali ya fi na asali tsawo, gaban babur zai ɗaga, ya yi nauyin juyawa. In ya fi gajarta, kan ya yi rawa, murfin taya kuma ya iya dukan jikin babur. Cokalin ƙaramin babur kuwa ba shi ɗaukar nauyin babba.

Ga wani abu kuma. Tsofaffin baburan Ingila da awon inci aka yanka zaren kusoshinsu, na Japan da Jamus kuwa da milimita. In ka tilasta noti na wannan bisa kusar wancan, ka kashe zaren ke nan. Araha ba ta ado.

Mayarwa

Ka shafa wa mazaunin boris giris, shi zai riƙe ƙwayoyin har ka mayar da sandar wuya. Ka ɗaure notin wuya sannu sannu, har motsi ya ɓace, amma kan babur ya iya faɗawa dama ko hagu da nauyin kansa. Ka shafa wa sabon zoben roba mai, ka kora shi a hankali, ya zauna daidai. Ka zuba man cokali gwargwadon awon da maƙeran babur ɗin su ka faɗa, na dama daidai da na hagu, ba da ka ba, da ma'auni. Bututun biyu su tsaya tsayi ɗaya a sama.

Kafin ka ƙarasa ɗaure kusoshin ƙasa, ka sauke babur, ka riƙe birki, ka danna kansa sau biyar ko shida, domin ko wane ƙarfe ya nemi mazauninsa. Sa'an nan ka ɗaure. In akwai rigar roba ta bututu, ka mayar da ita, gama ƙurar hunturu a Kano ta kan cinye zoben roba kamar zarto. In mai ya riga ya jiƙa takalmin birki, ka sake shi, wanki ba shi fid da man.

Daga ƙarshe ka gwada babur a fili inda ba yara, da tafiya kaɗan kaɗan, ka taka birki, ka saurara. Bayan kwana biyu ka sake bin kusoshi da sifana.

Babur ɗin maƙwabcina bututun hagu ne ya tanƙware, robobi biyu kuma sun bushe. An sake su, yanzu da shi ya ke zuwa aiki, kamar yadda mahaifinsa ya yi. Kai ma in kana da irinsa a zaure, ka duba cokalinsa kafin ka ɗora ɗanka a baya. In wani abu ya shige maka duhu, ka je wurin tsohon makanike da goronka, gama matambayi ba ya ɓata. Allah ya kiyaye mu da sharrin ƙarfe, amin.