Ƙwayoyin Cutar da Ba Sa Jin Magani a Ɗakin Jinyar Yara: Abin da Saƙon WhatsApp Ya Ɓata

Saƙon muryar da ke yawo a zaurukan WhatsApp na iyaye mata, mai cewa ɗakunan kulawa ta musamman na yara sun cika da ƙwayoyin cutar da ba sa jin magani, da gaskiya ya fara kafin ya saki hanya. Irin waɗannan ƙwayoyi, wato bakteriyar da magungunan da ke kashe su a da suka daina yi musu komai, suna nan, kuma binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa sun yi ajalin mutum miliyan 1.27 a 2019, kusan ɗaya cikin biyar yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, Afirka ta Yamma kuma tana kan gaba in aka auna da yawan jama'a.

Ɓarnar tana cikin shawarar da ta biyo baya, cewa a ɗauke jariri daga asibiti a koma gida da Ampiclox ko allurar kemis. Mai wannan magana, da bai ko faɗi sunansa ba, ya ɗauki alhakin da bai san nauyinsa ba. Ampiclox ba ya kashe Klebsiella da Acinetobacter, waɗanda ke cikin manyan masu addabar waɗannan ɗakuna. Raunanan ƙwayoyi yake sharewa, ya bar wa masu taurin kai fili su hayayyafa. Yana kuma iya ɓata gwajin da ake renon ƙwayar cuta daga jinin yaro domin a gane maganin da ke cin ta, gwajin da ko babu wannan cikas ba kullum yake kama ƙwayar ba. Jaririn da cuta ta shiga jininsa, musamman bakwaini, wanda ya ƙi nono ko jikinsa ya yi sanyi ko numfashinsa ya yi sauri, yana iya rasuwa cikin sa'o'i, kuma iskar oksijin da ƙarin ruwan da ke riƙe da shi babu su a gida.

Uwar da ta gaskata saƙon ba abar zargi ba ce, domin ta ga an kwantar da jarirai biyu a kwalba ɗaya, ta kuma ga famfon ɗakin babu ruwa. Sai dai ƙwayoyin sun fi bin hannuwa, robar da ake sa wa a jijiya, bututun numfashi da bakin kwatami, shi ya sa ake daƙile su da wanke hannu kafin taɓa kowane yaro da bayan taɓa shi, da keɓe wanda ya kamu, da cire roba da zarar amfaninta ya ƙare. Uwa tana da haƙƙin tambayar duk mai shirin taɓa ɗanta ko ya wanke hannu, 'yan dubiya kuwa su dakata a waje.

Batun da wasu ke yi cewa allurar rigakafi ce ta kawo ƙwayoyin ba shi da tushe, zuma da habbatus sauda kuma ba sa maganin cutar da ta shiga jini. Zuma ma ba a ba wa yaron da bai shekara ba.