Batir randa ce, ba rijiya ba: yadda ake neman ciwon wuta a jikin tsohon babur

A ƙasarmu babur, wato moto, ya daɗe da zama dokin aiki. Shi ke kai malamin gona ƙauye, shi ke kai ma'aikacin lafiya wurin allurar yara, da shi kuma ƴan kabu-kabu na Maraɗi da Damagaram da Tawa ke ciyar da iyalinsu. Amma in ya tsufa, ciwon wuta kan wahal da mai shi ƙwarai. Fitila ta dushe a tsakiyar daji, oda ta shaƙe, sai a ce batir ya mutu. A sayi sabo, bayan sati biyu shi ma ya kwanta. Kuɗi sun tafi, ciwo yana nan.

Dalili kuwa shi ne aikin batir ajiyar wuta kawai. Randa ce. In randa ta ƙafe, mai hankali kan duba ko ta tsage, ko an daina zuba mata, ko kuwa rijiyar ce ta janye.

INDA WUTA KE FITOWA

A ɗauki misalin CG125, wanda kamfanin Honda na Japan ya fito da shi a 1975 domin ƙasashen da hanyoyinsu ke da wuya, wanda kuma aka kwaikwayi injinsa a cikin baburan Sin da yawa da ke kasuwanninmu. A gefen hagu na injin akwai faifan ƙarfe mai maganaɗisu, makanikai na ce masa bolan. Yana juyawa kewaye da naɗin wayar tagulla, wato bobin, daga nan ne wuta ke tasowa. Wannan ita ce rijiyar. Sai dai wutarta mai kai da komowa ce, batir kuwa ba ya karɓar wuta sai mai bin hanya guda. Shi ya sa aka sa wani ɗan abu a tsakani, diyod, wanda ke barin wuta ta shiga, ya hana ta komawa. Baburan farko na bolt 6 ne. Na baya, masu bolt 12, an ƙara musu regilater mai rage wuta in ta yi yawa.

A tsohon mai bolt 6, buji da babbar fitila daga bolan suke sha kai tsaye. Oda da fitilar birki da fitilun juyawa su ne rabon batir. Saboda haka babur kan tashi da bugun ƙafa ko da batir ya mutu, har wasu su cire shi su yar. Daga ranar ƙwayayen fitila za su riƙa ƙonewa duk lokacin da aka ba da mai, domin batir ne ke shanye rarar wutar.

A FARA DA ABIN DA BA YA CIN KUƊI

Da farko a duba ruwan batir. Zafin watan Afrilu da na Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40 a inuwa, yana ƙafar da shi da sauri. In ya ragu, a ƙara tataccen ruwan da ake sayarwa don batir. Ruwan rijiya yana da gishiri mai lalata shi, asid kuma ba a ƙara shi. Sannan a duba kawunan batir: in farin gari ya rufe su, a wanke, a kankare, a ɗaure tam, a shafa giris.

Bayan haka sai mas. Wuta ba ta aiki sai ta je ta dawo, kuma a jikin babur ta cikin ƙarfen take dawowa. Inda aka ɗaure wayar mas da ƙusa, tsatsa kaɗan ta isa ta dusar da fitila. Goge wannan wuri har ƙarfe ya yi fari ya sha warkar da babur ba tare da an kashe ko dala ba.

AWO KAFIN SAYE

Ma'aunin wuta, wanda ake kira miltimetir, shi ke raba gardama. Batir mai bolt 6 da ya cika yakan nuna kusan 6,3 in inji na kashe, mai bolt 12 kuma kusan 12,6. Sai a tada inji, a ba da mai kaɗan. Dole lambar ta hau: wajen 7 ga na farko, tsakanin 13,5 da 14,5 ga na biyu. In ta hau haka amma batir bai riƙe ba, to randar ce ta tsage, ko kuma akwai yoyo a hanya. In ba ta motsa ba, batir ba shi da laifi. In ta wuce 15 ga mai bolt 12, regilater ya lalace, kuma zai dafa kowane sabon batir da aka sa.

Idan lamba ba ta hau ba, a gwada diyod: mai lafiya hanya guda yake buɗewa, matacce kan buɗe duka biyu ko ya toshe duka biyu. Bobin shi ne na ƙarshen zargi. A cire wayar da ta fito daga inji, a maida ma'auni kan wuta mai kai da komowa, a auna. In lamba na hawa tare da ƙarar inji, rijiya lafiya lau take.

WAYOYI

Wanda ba shi da ma'auni, ƙwan fitila guda da waya biyu sun ishe shi aiki mai yawa. Don gano yoyo, a kashe makulli, a cire wayar mas daga batir, a sa ƙwan a tsakani. In ya kama, akwai abin da ke shan wuta a ɓoye. In kuwa fizibil ke yawan ƙonewa, a sa ƙwan a gurbinsa, a kashe kome, a riƙa motsa wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Inda ya haska da ƙarfi, nan waya ta saɓule tana taɓa ƙarfe. Sau da yawa a wuyan babur ne, inda wayoyi ke lanƙwasa duk lokacin da aka juya kai, ko a ƙarƙashin tankin mai. Kada a maye fizibil da wayar tagulla ko takardar kwalin taba. Shi aka yi don ya ƙone a madadin sauran, in an hana shi, wayoyin ne za su ƙone, kusa da mai.

Launin waya ma karatu ne. A wurin Honda, tsanwa mas ce, ja daga batir take, baƙa kuma tana ɗauke da wuta bayan an kunna makulli. A wurin Yamaha kuwa baƙa ita ce mas. Wanda ya haɗa su bisa sabo, bai duba irin babur ba, zai iya ƙona kaya cikin ƙiftawar ido.

Ya kamata shugabannin ma'aikatu masu baburan aiki su ajiye ma'auni guda a ofis. Kafin a sa hannu a takardar sayen batir, a tambayi lambar da aka gani da inji a kashe, da wadda aka gani yana aiki. Wanda ya iya karanta lambobi ya iya wannan awo, kuma bai fi aikin minti biyar ba.