Bukukuwa da Ranakun Hutu a Shekarar Karatu ta Makarantun Indiya

Gabatarwa

Duk mai kallon finafinan Indiya ya san bikin Holi, inda ake watsa wa juna garin kala, ya kuma san daren fitilu na Diwali. To amma ga masu tsara jadawalin makaranta, waɗannan bukukuwa babban aiki ne. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2011 ta nuna cewa mabiya addinin Hindu su ne kashi 79.8 cikin ɗari na mutanen ƙasar, Musulmi 14.2, Kiristoci 2.3, mabiya addinin Sikh 1.7, sannan ga mabiya Buddha da Jain. Kowane rukuni yana son a rufe makaranta a ranar bikinsa, alhali kuwa kwanakin shekara ba sa ƙaruwa. Wannan maƙala za ta duba yadda ake raba waɗannan kwanaki tsakanin ƙasa da addini da jiha, da kuma abin da ya rage wa karatu.

Tsarin Shekarar Karatu

Indiya tana da jihohi 28, kuma kowace jiha tana da ta cewa a kan harkar ilimi. Don haka babu jadawali guda da ya game ƙasar. Makarantun da ke ƙarƙashin hukumar jarrabawa ta tarayya, wato CBSE, suna fara shekara a watan Afrilu su kammala a Maris, tare da dogon hutu a Mayu da Yuni saboda tsananin zafi. A jihohi irin su Kerala da Maharashtra kuwa, a watan Yuni ake buɗe makarantu, daidai da faɗuwar damina. A Kashmir, inda dusar ƙanƙara ke rufe hanyoyi, dogon hutun na hunturu ne, daga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu. Ke nan yanayi ne yake fara cin nasa rabon kafin a zo ga bukukuwa.

Ranakun Ƙasa

Ranaku uku ne kawai suke da matsayin hutun ƙasa baki ɗaya. Ta farko ita ce 15 ga Agusta, ranar da Indiya ta sami 'yancin kai daga Birtaniya a 1947. Ta biyu ita ce 2 ga Oktoba, ranar haihuwar Mahatma Gandhi a 1869. Ta uku kuma 26 ga Janairu, ranar da tsarin mulkin ƙasar ya fara aiki a 1950. A ranakun 15 ga Agusta da 26 ga Janairu ba a yin darasi, amma ɗalibai kan je makaranta da safe a ɗaga tuta, a rera taken ƙasa, a raba alewa, sannan a watse. Akwai kuma ranakun da ake yin bikinsu a cikin makaranta ba tare da an rufe ta ba, kamar Ranar Malamai a 5 ga Satumba, da Ranar Yara a 14 ga Nuwamba, wadda ta yi daidai da ranar haihuwar Jawaharlal Nehru.

Bukukuwan Addini

Gwamnatin tarayya tana da ranakun hutu 14 da suka wajaba a kan dukkan ofisoshinta, kuma yawancinsu suna cikin jadawalin makarantu. Idan aka cire ranakun ƙasa uku, saura 11 na addini ne. Musulmi suna da huɗu: Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah da Ashura da Maulidi. Kiristoci suna da biyu: Kirsimeti da Jumma'ar da take gabatar Ista. Mabiya Hindu suna da biyu: Dussehra da Diwali. Sai ranar haihuwar Guru Nanak ga mabiya Sikh, da ta Mahavira ga mabiya Jain, da ta Buddha. Mai karatu zai yi mamakin ganin masu rinjaye da ranaku biyu kacal. Dalili shi ne, yawancin bukukuwan Hindu sun bambanta daga yanki zuwa yanki, don haka aka bar kowane yanki ya ƙara nasa.

Bukukuwan Jihohi

A nan ne ake samun hutu mai tsawo. A Kerala akan rufe makarantu kimanin kwana 10 domin bikin girbi na Onam, a Agusta ko Satumba. A Bengal ta Yamma babban hutu shi ne na Durga Puja, a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba. A Gujarat hutun Diwali yakan kai mako uku. Tamil Nadu tana da Pongal a tsakiyar Janairu, Maharashtra tana da Ganesh Chaturthi, Bihar kuma tana da Chhath. Saboda haka yaron da iyayensa suka tashi daga Kolkata zuwa Chennai zai tarar da jadawalin hutu daban, duk da cewa bai fita daga ƙasarsa ba.

Matsalar Kalanda

Wani abin da ya ƙara wa aikin wuya shi ne, kalanda uku ne ke aiki a lokaci guda. Ranakun ƙasa da Kirsimeti suna bin kalandar Miladiyya, ba sa motsi. Bukukuwan Musulmi suna bin wata, don haka suna matsowa da kwana 10 ko 11 a kowace shekara: an yi Ƙaramar Sallah a Indiya ranar 22 ga Afrilu a 2023, da 11 ga Afrilu a 2024, da 31 ga Maris a 2025. Kalandar Hindu kuwa ta haɗa rana da wata, akan ƙara wata guda kusan duk bayan shekara uku domin kada bukukuwa su bar lokacinsu. Shi ya sa Diwali ke kai-kawo tsakanin Oktoba da Nuwamba: 24 ga Oktoba a 2022, 12 ga Nuwamba a 2023.

Ɗalibin harshe zai lura cewa sunayen bukukuwan da kansu suna faɗin lokacinsu. Purnima na nufin daren da wata ya cika, Chaturthi rana ta huɗu, Chhath rana ta shida, Navaratri dare tara, Jayanti kuma ranar tunawa da haihuwa. Wanda ya san waɗannan kalmomi ya san rabin jadawalin.

Rabon Karatu

Dokar 'yancin samun ilimi ta 2009 ta tanadi aƙalla kwana 200 na karatu a shekara ga aji ɗaya zuwa biyar, da kwana 220 ga aji shida zuwa takwas. Idan aka cire Lahadi da dogon hutu da bukukuwa, cika wannan adadi ba ƙaramin aiki ba ne, balle a shekarar da zafi ko ambaliya ta tilasta rufe makarantu. A watan Agustan 2023 ma'aikatar ilimi ta jihar Bihar ta rage ranakun hutun bukukuwa domin cika kwanakin karatu. Malamai da 'yan siyasa suka yi caa a kanta, cikin 'yan kwanaki ta janye umarnin.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa jadawalin hutun makarantun Indiya sulhu ne da ake sabuntawa kowace shekara. Ba wa al'umma ranar hutu shaida ce cewa ƙasa ta san da zamanta, amma kowace rana da aka bayar daga cikin kwanakin karatun yara take fitowa. Hausawa kan ce ba a gudu ana susar takashi, to amma masu tsara jadawali a Indiya dole su yi duka biyun.