Shekara huɗu da rabi a ɗaki guda: wahalar ƙarshen aiki ga masu ƙera wasannin kwamfuta

Duk wanda ya taɓa gina gida ya san ba tada bango ne ke cin rai ba. Bango yakan tashi cikin ƴan makwanni, masu wucewa suna yi wa maigida barka da arziki. Amma da an zo ga shafe da ƙofofi da jan wayar lantarki, sai kuɗi su ƙare, magina su watse, maigida kuma ya riƙa sauya hanya don kada ya ga kangon. Irin wannan ciwo ne ke kama masu ƙera wasannin kwamfuta da ke cin gashin kansu, wato waɗanda ba su da wani babban kamfani da ke biyan su albashi, a lokacin da aikinsu ya kusa fita kasuwa.

Masu rubuta manhaja suna da wata raha da ake dangantawa ga Tom Cargill, wani ma'aikacin Bell Labs a Amurka, wadda ta bazu tun 1985. Ma'anarta ita ce kashi 90 na farko na aiki yana cin kashi 90 na lokaci, kashi 10 da ya rage kuma sai ya sake cin wani kashi 90. Lissafin bai hau ba, da gangan kuwa aka yi shi haka. A farkon aiki, mai ƙera wasa yana ƙirƙira ne: yau ya zana gari, gobe ya sa wa jarumi takobi, kullum da sabon abin da zai nuna. A ƙarshe kuwa babu sauran ƙirƙira, sai farautar kurakurai, da gwada wasan a kan kwamfutoci iri-iri, da shirya talla. Ya gyara kuskure ɗaya, gyaran ya haifi biyu. Mafi muni, ya buga wasan nan sau dubbai har ya daina jin daɗinsa, kamar mai tuyar ƙosai da ƙamshin mai ya gundura, ba ya iya sanin ko abin da ya yi mai kyau ne ko shirme.

Labarin Eric Barone ya isa misali. Wannan saurayi ya gama karatun ilimin kwamfuta a Jami'ar Washinton, reshen Takoma, a 2011, ya nemi aiki bai samu ba. Sai ya ce bari ya ƙera wani ɗan wasa don ya ƙara gogewa, ko masu ɗaukar ma'aikata sa dube shi. Ya ɗauki samfuri daga Harvest Moon, wani wasan noma na ƙasar Japan da yake so tun yana yaro. Ya zaci aikin ƴan watanni ne. Shekara huɗu da rabi ya yi a kai.

Shi kaɗai ya rubuta manhajar, shi ya yi zane, shi ya tsara kiɗa, shi ya rubuta duk maganar da mutanen cikin wasan ke yi. Ta bakinsa, awa 10 yake yi a kullum, babu ranar hutu. Abin sa wa a baka kuwa yana fitowa ne daga ɗan aikin nuna wa ƴan kallo kujera da yake yi a wani gidan wasan kwaikwayo a birnin Siyatul, da kuma guminta budurwarsa, wadda ta ɗauki mafi yawan nauyin gida. A nan ya kamata a tsaya a faɗi gaskiya, domin masu ba da irin wannan labari sun cika yabon ƙwazon mutum guda su manta da wanda ya biya kuɗin haya. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin haka: ba a zaman jiran riba sai da mai ciyar da gida.

Abokin gabar Barone na farko shi ne hannunsa. Kullum yana ƙara ƙwarewa, don haka zanen da ya yi bara sai ya zame masa abin kunya bana, ya goge ya sake. Fuskokin mutanen wasan kaɗai ya sake zana su ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Tun 2012 ya sanar da wasan a dandalin Steam, babbar kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, kuma masu jira suka yi ta tambayar ranar fita shekara bayan shekara. Ɗan jarida Jason Schreier, wanda ya ba da labarinsa a littafin Blood, Sweat, and Pixels na 2017, ya nuna yadda gajiya ta taɓa sa shi ajiye aikin ɗungum ya koma ƙera wani ƙaramin wasan wayar salula, da yadda a kusa da ƙarshe ya daina ganin kyan abin da ya ƙera.

Me ya fitar da shi? A ganinmu, ba wani sabon ƙarfin zuciya ba ne ya sauko masa, shawara ce irin ta ƴan kasuwa. Ya yi alkawarin cewa mutane da yawa za su iya buga wasan tare, sai ya ga wannan sashe zai ƙara cin lokaci mai tsawo, ya yanke shi ya ajiye gefe. Sannan ya tsayar da rana ya faɗa wa duniya, ta yadda babu sauran ja da baya. Stardew Valley ya fito ran 26 ga Fabrairu 2016, ta hannun kamfanin Chucklefish na Landan, a kan dalar Amurka 15, kusan jika 9 na sefa ke nan a canjin lokacin. Cikin wata biyu aka sayar da fiye da miliyan 1. Sashen da ya yanke bai fito ba sai 2018. Ya zuwa ƙarshen 2024 an sayar da fiye da miliyan 41.

Ma'aikata za su yi murmushi in suka ji abin da wasan ya ƙunsa: labarin wani ma'aikaci ne da zaman biro ya ishe shi, ya ajiye aiki ya koma ƙauye ya gaji gonar kakansa.

Kada dai mai karatu ya ɗauka kowa haka yake ƙarewa. A 2023 kaɗai, sabbin wasanni fiye da 14,000 suka fito a Steam, kuma mafi yawansu sun wuce babu wanda ya ji ɗuriyarsu. Wanda ma ya samu ciniki, dandalin yana cire kashi 30 cikin 100 kafin ya ga ko tamma. Wannan lissafi yana cikin abin da ke hana mai ƙera wasa barci a watannin ƙarshe, domin muddin wasan bai fita ba yana iya ci gaba da mafarki, ranar da ya fita kuwa kasuwa ce za ta yi hukunci. Shi ya sa wasu ke ta ƙare-ƙare da gyare-gyare marasa iyaka, suna kiran abin neman inganci, alhali tsoro ne.

A cikin wannan shekara ta 2016, wata biyu bayan Stardew Valley, wani wasa ya fito daga Yawunde ta ƙasar Kamaru, mai suna Aurion: Legacy of the Kori-Odan. Labarin wani sarki ne, Enzo, da matarsa Erine, waɗanda aka yi wa juyin mulki ranar naɗi da ɗaurin aure. Olivier Madiba ya fara tunanin wasan tun 2003, bai kafa kamfanin Kiro'o Games ba sai 2013. Shi nasa nauyin daban ne da na Barone. Ya tara jarin kusan miliyan 120 na sefa ta hanyar sayar da hannun jari ga mutane da dama, ya ƙara da gudummawar da aka tara masa a dandalin Kickstarter a 2015, ga kuma ma'aikata kimanin 20. Wanda ya karɓi kuɗin mutane ba shi da damar cewa ya gaji. Ga ɗaukewar wutar lantarki da ta riƙa tsayar musu da aiki, abin da mutumin Maraɗi ko Damagaram ba ya bukatar a yi masa bayani. Duk da haka sun kai wasan kasuwa a watan Afrilu, da taimakon kamfanin Plug In Digital na Faransa.

Aurion ya samu yabo, amma bai yi kasuwa irin ta Stardew Valley ba, ko kusa. Kiro'o bai rufe ƙofa ba: ya mayar da labarin Aurion littattafan zane, ya kuma juya ga wasannin wayar salula, inda masu sayen Afirka suka fi yawa. Ɗaya daga cikinsu, Le Responsable Mboa, yana yi wa rayuwar ma'aikacin gwamnati ba'a ne a wata ƙasar Afirka ta ƙage.

Shi kuwa Barone, bayan duk wannan dukiya, bai bar teburin ba. A watan Oktoba 2021 ya sanar da sabon wasa mai suna Haunted Chocolatier ba tare da ya faɗi ranar fitarsa ba, sannan ya jingine shi na wani lokaci ya koma kan tsohuwar gonarsa, inda ya fitar da wani babban ƙari kyauta a watan Maris 2024.