Ƙungiyar wasan yaƙi na kan tebur

Ƙungiyar wasan yaƙi na kan tebur ƙungiya ce ta masu sha'awar kwaikwayon yaƙi da ƙananan mutum-mutumin sojoji, bisa rubutattun dokoki. Ana auna tafiyar sojoji da tef, a jefa ƙwaya irin ta ludo don sanin sakamakon arangama.

Tarihi

Wasan ya samo asali daga Kriegsspiel, wanda Georg von Reisswitz ya gabatar wa rundunar Prussia a 1824 domin horar da hafsoshi. Daga baya Spenser Wilkinson ya kafa ƙungiyar wasan a Jami'ar Oxford da ke Ingila. Littafin H. G. Wells mai suna Little Wars, na 1913, ya kusantar da wasan ga farar hula.

Tsari

Galibin ƙungiyoyin Birtaniya ƙanana ne, 'yan sa-kai ke tafiyar da su: shugaba, sakatare da ma'aji. Sukan yi hayar zauren coci ko na unguwa dare ɗaya a mako, domin teburin wasan yakan kai ƙafa 6 da 4, ba kowa ke da wurinsa a gida ba. Kuɗin da mambobi ke biya shi ke biyan haya da sayen kayan fili kamar tuddai, gidaje da bishiyoyi. Sojojin kuwa na mai su ne, shi ke saye ya yi musu fenti. Idan haya ta tashi ko aka rasa zaure, ƙaramar ƙungiya takan watse.

Wasu ƙungiyoyin sun girma sosai. South London Warlords ce ke shirya baje-kolin Salute a Landan.