Neman Wasiƙar Shaida Daga Tsohon Malami Ta Imel

Wasiƙar shaida takarda ce da malamin jami'a yake rubutawa domin bayyana ƙwazon ɗalibinsa da halayyarsa ga wata jami'a ko hukumar ba da tallafin karatu. Da wuya mai neman digiri na biyu ko na uku a ƙasar waje ya tsallake ta. Shirin Chevening na gwamnatin Birtaniya wasiƙu 2 yake nema, Fulbright na Amurka kuwa 3.

Malami ɗaya yakan koyar da ɗaruruwan ɗalibai a zango guda, don haka wanda ya kammala shekara 4 ko 5 da suka wuce ba lallai ne a tuna da shi ba. A nan zaɓen malami yake da muhimmanci. Wanda ya duba wa ɗalibi kundin bincikensa na shekarar ƙarshe ya fi shahararren farfesan da bai san shi ba sai a takardar jarrabawa. Masu tantancewa suna gane wasiƙar da aka rubuta don sauke nauyi, wadda ba ta wuce "yaron kirki ne" ba.

Saƙon farko ya kamata ya zama gajere. Bayan gaisuwa da ambaton muƙamin malamin, Dakta ko Farfesa, sai mai nema ya faɗi cikakken sunansa, lambar rajistarsa, shekarar da ya gama, darasin da malamin ya koyar da shi da kuma taken kundinsa. Ya haɗa da takardar tarihin karatu da aiki, da sakamakon jarrabawarsa, ya kuma ambaci ranar rufe karɓar takardu. Roƙo ne ake yi, saboda haka ba a sa sunan malami a fom sai ya amince. A ba shi aƙalla mako 4. Wanda ya taso ana saura kwana 2 shi ya ja wa kansa. Idan an ji shiru bayan mako guda, tuni ɗaya cikin ladabi ya isa, ko a bi ta ofishin sashe, tunda ba kowane malami ne yake yawan duba imel ɗinsa na aiki ba.

Yawancin jami'o'in waje ba sa karɓar wasiƙar daga hannun ɗalibi. Malamin suke aika wa saƙo kai tsaye ya loda ta da kansa, kuma sun fi amincewa da adireshin jami'a, irin mai ƙarewa da edu.ng, a kan Gmail ko Yahoo. Saƙon yakan faɗa akwatin tarkace, don haka yana da kyau a sanar da malamin cewa an turo.

Babban haɗari shi ne jabu. Wasu sukan buɗe imel da sunan malami, ko su biya wani a shagon kwamfuta ya haɗa musu wasiƙa da sa hannun ƙarya. Jami'o'i sukan tuntuɓi malamin don tabbatarwa, kuma idan asiri ya tonu ana iya soke gurbin da tallafin ko da an riga an fara karatu.